Kwalbar Maganin Mode

Ranar da aka sallami Mode daga asibiti, yayarsa Dije ce kaɗai ta je ɗauko shi. Babban wansu, Alhaji Gambo, ya ce yana da zama da mutanen ma'aikatar ayyuka, kuma ko da ba shi da shi, ba ya son a ga motarsa a ƙofar ɓangaren masu taɓin hankali. Sai Dije ta ja lulluɓinta ta tako da ƙafa.

Ta tarar da ƙanen nata zaune a kan benci, an yi masa aski, kumatunsa sun ɗan ciko. Wata uku ke nan rabonta da ta ga idanunsa a kwance haka. Ya miƙe ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da tunkiyarta. Kafin su tafi, Malam Yari, ma'aikacin jinyar da ke kula da ɓangaren, wani dogo mai furfura a gefen kunne, ya kira su ofishinsa.

"Zauna, Malama Dije," in ji shi. "Da can, in munka sallami mutum, dangi muka danƙa ma magani mu ce su ɗura mai. Bayan wata huɗu sai a maido muna shi ɗaure da igiya. Yanzu likita ya ce mu gwada wata hanya, don mai ciwo shi yas san jikinai hiye da kowa. Mode, hwaɗa mata da bakinka."

Mode ya zaro wata ƙaramar kwalba daga aljihu, da ɗan littafi mai shuɗin bango wanda aka rubuta da ajami.

"Ƙwaya guda da sahe, guda bayan lisha," ya ce, a hankali kamar mai biya karatu. "Dut wadda nish sha, in ja layi nan. In na kwana biyu ban yi barci ba, ko in ji ana yi mani magana ba kowa kusa, ko abinci shi hita raina, ba ni jira, nan za ni taho. Kuma Talata bayan Talata in zo da ƙahwata."

"Saura abu guda," Malam Yari ya ce. "Mun ce shi zaɓi mutum guda cikin gida wanda yay yarda da shi. Ke yaz zaɓa. Ba riƙe magani na aikinki ba, nashi na. Aikinki, in kin ga alama shi bai gani ba, ki hwaɗa mai. In abin ya hi ƙarhinai, ki taho ki hwaɗa muna. Kin yarda?"

Dije ta ji wani daɗi ya ratsa ta, ta rasa inda za ta sa idonta. Tunda mijinta ya rasu ta dawo gidan Alhaji da zama, ba wanda ya taɓa zaɓenta don wani abu sai wanke-wanke da tankaɗe.

"Na yarda, Malam," ta ce. Ta dangwala babban yatsanta a jikin takardar.

Wata biyu komai ya tafi daidai. Mode ya share shagonsa da ke jikin zaure, ya koma dukancinsa. Da hantsi za ka gan shi ya baje jar fatar akuya a kan tabarma, yana yanka yana ɗinkin tumtum da jakunkuna, kwalbar tana cikin aljihun rigarsa. Ranar Talatar zuwansa yakan yi wanka da wuri ya fita, ya dawo da azahar ɗauke da labarai. Su takwas ne suke zama a ƙarƙashin dogon yaro a bayan asibitin, kowa ya faɗi yadda yake fama da nasa. Akwai wata mata da ta ce idan muryoyin suka taso mata, turmi take jawowa ta yi ta daka har su gaji. Akwai tsohon soja da ya dawo daga yaƙi, shi kuma rediyo yake kunnawa. Dije takan zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa tana dariya.

Shekarar ce da kuɗin man fetur suka cika gari, gwamnatin soja tana baza ginin makarantu ko'ina. Alhaji Gambo, wanda a da dillancin hatsi yake yi, ya koma ɗan kwangila, yana kuma ginin sabon gida mai bene a Sama Road. Wata Laraba yana tsaye da manyan ma'aikata a harabar sakatariya, sai wani tsohon abokin kasuwarsa ya zo wucewa ya ce da ƙarfi, "Alhaji, jiya na ga ƙanenka can cikin layin masu taɓi, ya yi kyau abinai. Allah shi ƙara sauƙi."

Alhaji bai tsaya cin abinci ba da ya dawo. Ya sa aka kira Mode cikin gida, gaban matarsa Hajiya Zulaihatu da Dije.

"Kawo kwalbar nan."

Mode ya dafe aljihunsa. "Yaya Alhaji, lokaci bai yi ba, sai bayan lisha."

"Na ce kawo. Wane irin asibiti na wanga, a ba mahaukaci magani shi riƙe? In ka kwankwaɗe shi dut rana guda hwa, wa za a kama? Ni na."

"Ban ce na warke ba, Yaya. Amma wata biyu ban kuskure ko guda ba. Duba littahin ka gani."

Alhaji bai dubi littafin ba. Ya karɓi kwalbar ya miƙa wa Hajiya, ya ce daga yau ita za ta riƙa ba shi. Zuwa asibiti kuma an daina. Idan magani ya ƙare, direba zai je ya karɓo, ba sai an je an yi tallar gidan nan a bakin titi ba.

Mode ya juyo ya dubi Dije. Ta san abin da yake jira. Maganar tana bakinta, ita ce dai wadda Malam Yari ya faɗa: riƙe magani nasa ne. Amma ta tuna ɗakin da take kwana na Alhaji ne, tuwon da take ci daga rumbunsa yake fitowa. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

Hajiya ta cusa kwalbar a bayan jeren langunanta. Ba muguwar mace ba ce, hidima ce ta yi mata yawa, ga tela, ga masu kawo gadaje da kujerun sabon gida. Kwana huɗu na farko ta ba shi daidai. Daga nan sai mantuwa. Mode zai zo ya tsaya a bakin tsakar gida ya yi sallama, mutum mai shekara talatin da biyar, yana jiran a miƙo masa ƙwayarsa.

"Kai, Mode, ba ɗazu nib ba ka ba?"

"Jiya na, Hajiya."

"To bari in gama da baƙi."

Wani lokacin baƙin sai sun kai magariba.

Ran nan Alhaji ya gayyato wasu manya daga ma'aikata cin abincin rana, kuma ta zaure za su shiga, daidai ƙofar shagon Mode. Da hantsi ya leƙo ɗakin Hajiya ya ce a daka ƙwaya uku a zuba a fura a ba shi, ya samu ya huta, kada ya fito yana yi wa mutane dogon bayani. Hajiya ta dama, ta miƙa wa Dije ƙwaryar.

"Ke kai mai, daga hannunki shika sha."

Dije ta tsaya riƙe da ƙwaryar har nonon ya fara kwantawa. Ta ce a ranta ai magani ne, nasa ne ma, ba guba ba. Ta kai masa. Ya yi bismilla ya shanye, ya ce furar ta yi daɗi.

Bai farka ba sai washegari da hantsi, wuyansa ya sanƙare ya karkace gefe, miyau na zuba a rigarsa, hannunsa na rawa har ya kasa zura zare a basilla. Hajiya ta leƙa ta dawo tana girgiza kai.

"Kin gani ko, Dije? Ciwon yana nan. Wanga na za a bar ma magani?"

Baƙi kuwa ba su daina zuwa ba. Duk ranar da za a yi su, sai a dama fura. Ranar da ba kowa, sai a manta. Mode ya gane, ya daina shan fura, sai aka koma zubawa a miya. Maganin wata guda ya ƙare cikin kwana goma sha shida. Dije ta tuna wa Alhaji maganar direba, ya ce direba yana hanyar Kaduna ɗauko siminti. Da direba ya dawo, aka ce mota tana gareji. A makon nan kuma Alhaji ya sa aka kwashe wuƙaƙen yankan fata da basilla da almakashi daga shagon, ya ce ba a barin ƙarfe mai kaifi a hannun mai ciwo. Mode ya wuni zaune a kan tabarma da guntayen fata a gabansa, ba abin da zai yi da hannunsa.

Wata safiya Dije ta kai masa koko, ya riƙe bakin lulluɓinta.

"Yaya, kwana biyu ban runtsa ba. Na rubuta. Alama ta hwarko ta."

"Ka yi haƙuri, in Alhaji ya dawo zan yi mai magana."

"Ba Alhaji Malam yac ce ba. Cewa yay yi in taho, in na kasa ki taho."

"Na ji. Sha kokonka."

Ta yi wa Alhaji maganar, a tsaye, yana saka takalmi. Ya ce saura mako uku a yi walimar sabon gida, manyan gari duk za su zo. Bayan walima shi da kansa zai kai Mode Kaduna wajen babban likita, inda ba wanda ya san su. Dije ta ji maganar ta yi ma'ana. Ta riƙe ta da hannu biyu, don ta fi sauƙin riƙewa.

Da Talata ta zo, Mode ya yi wanka ya sa rigarsa zai fita, ya tarar an sa wa ƙofar zaure kwaɗo. Da yamma aka kwashe tabarmarsa daga shago aka mai da shi ɗakin baya, inda a da ake jibge buhunan gero, mai ƙaramar taga ɗaya can sama. Aka ce don ya samu shiru.

Bayan kwana biyu aka ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Alhaji ba ya nan. Hajiya ta leƙa ta dawo da sauri.

"Mutumin asibiti na, da hwararen kayanai, dut unguwa na kallo. Tahi ki ce mai ya tahi Wamakko wajen dangin innarku. In kin bari yas shigo, ke da Alhaji."

Dije ta je ta tsaya a bayan ƙyauren zaure, ta buɗe kaɗan. Suka gaisa. Malam Yari ya ce Talata biyu ke nan bai ga Mode ba, shi ya sa ya biyo sawu.

"Ya tahi Wamakko, Malam. Wajen dangin innarmu."

"Da maganinai?"

"Da shi."

Daga can ƙuryar gida ta jiyo muryar Mode, ya ji ƙarar babur ɗin ya gane. "Malam! Malam Yari!" Nan take Hajiya ta murɗa rediyo, kiɗa ya cika tsakar gida. Ko Malam Yari ya ji, ko bai ji ba, Dije ba ta sani ba. Ya dai dubi ɗan abin da ke bayyane na fuskarta.

"To, Malama Dije," ya ce. "In kin ga Mode, ki ce mai 'yan ƙarƙashin icce suna tambaya tai. Ke kuma kin san ohishina."

Ta mai da ƙyaure, ta jingina da bango. Ta daɗe a tsugune a cikin zauren.

Alama ta biyu ta zo, ta uku ta biyo ta. Dije takan ji shi ta bayan ƙofa yana roƙon wasu su yi masa shiru, wani lokacin yana ba su amsa. Tuwon da ta kai da rana haka za ta ɗauke shi da yamma, ƙudaje sun rufe. Ya daina rubutu a littafin. Wani lokacin ya gane ta, wani lokacin ya tambaye ta wa ya aiko ta.

Ran wata Alhamis bayan azahar, ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar ɗakin, ya ratsa tsakar gida, ya haura katanga ta wajen makewayi. Ba takalmi, ba hula, yana gudu cikin zafin rana yana cewa, "Asibiti za ni! Ku ba ni hanya, asibiti za ni!" Mutane suka ce mahaukacin gidan Alhaji Gambo ya tsere. Leburorin Alhaji suka cim masa a bakin kwana, suka kayar da shi, suka kinkimo shi kamar buhu, jama'a na biye.

Alhaji ya dawo idanunsa jajir. "Kun gani? Wanda anka ce shi riƙe magani da kainai ke nan. Da ya hwaɗa gaban mota hwa?"

Ya aika aka kira Bawa maƙeri. Bawa ya zo da marin ƙarfe na ɗaure ƙafa da guduma, aka gangaro wani guntun gungume aka shigar ɗakin baya. Amma maza huɗu suka kasa danne Mode. Yana shure-shure, ya hamɓari ɗaya a baki har jini ya fito. Alhaji ya fito tsakar gida yana huci, ya dubi Dije.

"Ke shika jin magana. Shiga ki lallashe shi."

"Yaya Alhaji, mu kai shi asibitin nan mana. Can ma yac ce za shi."

"Da rana tsaka, gari dut ya taru? Kwana nawa na, Dije? Don kar shi ji ma kainai ciwo na. Ko kin hi son su karya shi?"

Ta ji ƙarar jikinsa yana bugun bango. Ta shiga ɗakinta ta ɗauko ɗan gwangwanin man kaɗanya. Da ta shiga ɗakin bayan ta ce wa mazan su sake shi su ja baya. Mode ya maƙure a lungu yana haki, tafin ƙafafunsa duk sun yayyage da tsakuwa. Ta durƙusa a gabansa.

"Mode. Ni ta, Yaya Dije. Dubi ƙahwarka duk ciwo. Miƙo in shahwa ma mai."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Numfashinsa ya fara sauka. A hankali ya miƙo ƙafar dama ya ɗora a cinyarta. Ta lakato man ta shafa a tafin, ta shafa a dunduniya, ta riƙe idon sawun da hannu biyu. Bawa ya matso ta bayanta ya zura ƙarfen.

Da aka gama buga ƙusa, Bawa ya tattara kayansa yana cewa shi dai aikinsa ne, abin da aka kira shi yi ya yi. Dije ta ɗauki gwangwanin manta ta fita.

Kowa a gidan ya samu abin faɗa. Hajiya ta ce yanzu hankalinta ya kwanta, don gida ne mai yara. Alhaji ya sa aka yanka rago aka yi sadaka, ya sa malamai suna rubutu ana kawowa a kwalabe, yana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa ba abin da bai yi wa yaron nan ba. Maƙwabta suka ce da wani ne, da tuni ya sake shi yana yawo a kasuwa tsirara. Dije kuma ta ce wa kanta bayan walima. Kullum ta kai abinci ta kwashe kwanon bayan gida, ba ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa. Da ta ga ƙarfen ya fara cin fata ta naɗa tsumma a wurin, ta gaya wa Alhaji, ya ce ta barbaɗa toka.

Aka yi walima. Aka kwashe kaya zuwa Sama Road, motoci uku. Ba a yi wa Mode ɗaki a sabon gidan ba. Alhaji ya ce Dije ta ɗan zauna da shi a tsohon gida kafin ya samu sararin tafiya Kaduna, za a riƙa aiko musu da abinci.

Kwana na uku da tashinsu, gidan ya yi tsit, ba rediyo ba hayaniyar yara, sai Dije ta lura ba ta jin muryar Mode ko kaɗan. Ko da muryoyin nasa ya daina magana. Ta tura ƙofa, wari ya buge ta. Yana kwance, jikinsa zafi kamar garwashi. Ta warware tsumman. Ƙafar ta kumbura ta shanye ƙarfen, yatsun sun yi baƙi, wani abu fari yana motsi a cikin ciwon.

Ba ta rufe gida ba. Ta fita da lulluɓi a hannu, ta tafi cikin rana tana tuntuɓe, ba ta tsaya ba sai a bayan asibitin. Ashe Talata ce. Mutum bakwai suna zaune a ƙarƙashin dogon yaro, Malam Yari a tsakiyarsu. Wata mata ta gane ta, ta ce, "Ba ke ta yayar Mode mai tumtum ba? Ya dawo daga Wamakko?"

Dije ta zube a ƙasa gaban Malam Yari, gaban su duka.

"Malam, ƙarya niy yi ma. Bai tahi ko'ina ba."

Bai yi mata faɗa ba. Da ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya miƙe kawai ya ce, "Ina shike?"

Motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji Gambo da la'asar sakaliya, unguwa duk ta fito. Bawa ɗin nan aka sake kira ya datse ƙarfen. Likitoci suka yi kwana biyu suna ƙoƙari, a na uku suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Alhaji ya zo a kwana na biyar da katan ɗin madara da lemo. Ya gaya wa likita cewa shi yawancin lokacin yana kan hanya, mata ne suka tsorata a gida, kuma ka san halin mata. A baranda ya tare Dije ya ce ta tona masa asiri a idon duniya, amma ba komai, shi mai haƙuri ne, ɗakinta yana nan a sabon gida. A unguwa kuwa labarin da ya zauna shi ne ciwon Mode ya tashi duk da maganin asibiti, har ya ji wa kansa rauni, kuma Allah ya saka wa Alhaji da ya tsaya a kan ɗan'uwansa. Wasu suka ƙara da cewa dama wannan sabon tsarin na barin mai taɓi da maganinsa ganganci ne. Ba wanda ya tambaya a hannun wa kwalbar take. Dije ta ji ana faɗa a gidan suna, ta ji ana faɗa a bakin rijiya, ta ɗauki tulunta ta wuce.

Mako shida aka yi kafin hankalin Mode ya dawo jikinsa sosai. Ran nan Dije ta zo da hantsi, direban Alhaji ya sauke ta ya ce zai jira. Ta same shi zaune a bakin gado, an yi masa wanka, sandunan dogarawa jingine da bango. Ta ajiye kwanon tuwon shinkafa a kan ɗan teburi, ta zauna a ƙasa. Suka gaisa. Ya tambayi yaran Alhaji. Sannan ya dubi inda zanen gado ya lotsa a ƙasan gwiwarsa.

"Yaya, abubuwa da yawa sun ɓace mani. Wasu ban san ko sun hwaru ko ciwon na yan nuna mani su ba. Malam ya ce in riƙa tambaya, kar in bar su cikin kaina."

"Tambayi," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Hurar nan mai ɗaci-ɗaci. An yi ta?"

"An yi."

"Ranar da nij ji babur. Ya zo?"

"Ya zo. Ni nic ce mai ba ka nan."

Ya gyaɗa kai kamar mai ajiye kaya ɗaya bayan ɗaya a inda ya dace.

"Saura guda. Na tuna maza sun taru kaina sun kasa. Sai wata murya tac ce in miƙo ƙahwa a shahwa mani mai. Na daɗe ina cewa cikin muryoyin nan ta, don sun iya kwaikwayon mutane."

Dije ta ga hanya a buɗe. Kalma ɗaya za ta faɗa ya yarda, har abada. Ta dubi hannayenta a kan cinya.

"Ba su na ba, Mode. Ni ta."

Bai ɗaga murya ba, fuskarsa ma ba ta sauya ba. A gadon kusa wani tsoho yana tari, ma'aikaciya tana tura keken magunguna tana wucewa.

"Da wani na yac ce," in ji shi, "da ban miƙa ba."

A waje direban Alhaji ya danna ƙaho, ya sake dannawa. Mode ya jawo sandunansa kusa, ya juya fuskarsa wajen taga.

"Tashi, Yaya. Ana jiranki."

Ba ta tashi ba, ba ta kuma iya ɗaga kai ta dube shi ba. Ƙahon ya yi ta kuka har ya gaji, ta ji motar ta tashi ta tafi, tana nan zaune a ƙasa gefen gadon.